Matse Hasken Leza Mai Tsananin Ƙarfi: Abin Da Ke Fasa Gilashi Shi Ke Gajarta Lokaci

A garin Magurele da ke wajen birnin Bukarest na ƙasar Romaniya akwai wata cibiyar bincike mai suna ELI-NP, wadda na'urar lezarta ke iya fitar da haske mai ƙarfin fetawat 10. Fetawat ɗaya shi ne wat miliyan sau biliyan, wato ya ninka wutar lantarkin da dukkan tashoshin duniya ke samarwa a lokaci guda sau ɗaruruwa. Wanda ya ji wannan adadi zai zaci sai an ɗauke wutar nahiya guda kafin a kunna na'urar, alhali kuwa makamashin da ke cikin harbi ɗaya bai kai jul 300 ba, wato abin da ƙwan fitila mai wat 100 ke ci cikin ƙasa da daƙiƙa uku. Dalili shi ne, a wajen masana fiziks, ana samun ƙarfi ne ta hanyar raba makamashin da aka saki da lokacin da aka ɗauka wajen sakinsa, kuma wannan na'ura tana sakin nata cikin femtosakan 20 da 'yan kai.

Femtosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa. Haske, wanda ke iya zagaya duniya fiye da sau bakwai cikin daƙiƙa ɗaya, ba ya tafiyar da ta wuce maikuromita 0.3 cikin femtosakan, maikuromita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita. Saboda haka abin da ke fitowa daga irin waccan na'ura wani faifai ne na haske mai faɗin kusan rabin mita, wanda kaurinsa bai kai na silin gashi ba. A wannan bayani za mu riƙa kiran sa curin haske, tun da ana miƙa shi, ana matse shi, ana kuma gyara masa siffa.

Mai son ƙara wa curi ƙarfi hanya biyu gare shi: ko ya ƙara makamashi, ko ya rage lokaci. Ta farko tana cin kuɗi da fili, domin kowane ƙarin jul yana buƙatar manyan gilasai da manyan madubai da babban gini. Ta biyu kuwa tana cin karo da wata ƙa'ida ta lissafi da ba ta da makawa, wadda ke cewa gwargwadon gajartar curi, gwargwadon yawan launukan da dole ya ƙunsa. Haske mai launi ɗaya tak kaɗawa ce da ke maimaita kanta ba fasawa, don haka ba a iya yanke mata farko da ƙarshe na kusa. Idan aka haɗa launuka masu yawa, kowane da nasa tsawon zango, wato tazarar da ke tsakanin kaɗawa da mai bin ta, aka kuma daidaita su yadda ƙololuwarsu za ta haɗu a wuri ɗaya, sai su ƙarfafa juna a wannan wuri, su kashe juna a sauran wurare, abin da ya rage shi ne gajeren curi. Yawancin waɗannan lezoji suna aiki ne da hasken da ke ƙasa da ja, wanda ido ba ya gani, amma masana sun saba kiran ɓangaren mai dogon zango ja, mai gajeren zango kuma shuɗi, mu ma haka za mu yi.

Matsalar ita ce abin da ke ƙara wa haske makamashi a cikin na'ura, gilashi ne ko kiristal, wasu launuka kaɗai yake iya haɓakawa, kuma duk lokacin da curi ya ratsa shi, launukan tsakiya suna samun haɓaka fiye da na gefe, har jerin launukan ya tsuke. Shi ya sa lezar gilashi mai gaurayen niyodimiyam ke tsayawa a ɗaruruwan femtosakan, lezar itabiyam ke kaiwa daga ɗaruruwan femtosakan zuwa kusan dubu, yayin da kiristal ɗin safaya mai gaurayen titaniyam, wanda Peter Moulton ya fara nuna amfaninsa a 1982, ke iya sauka zuwa tsakanin 20 da 30 bayan an haɓaka shi sosai. Wanda ke son abin da ya fi haka gajarta dole ya samo sababbin launukan da na'urar ba ta ba shi ba.

A nan ne wata ɗabi'a ta haske mai tsanani ke shigowa. A rayuwar yau da kullum gilashi ba ya damuwa da yawan hasken da ke ratsa shi: yana rage masa gudu zuwa kusan kashi biyu cikin uku na gudunsa a sarari, ko hasken kyandir ne ko na rana, kuma idan aka ninka abin da ya shiga, abin da ya fito ma ninkuwa yake yi daidai wa daida. Amma idan tsananin hasken ya kai wani matsayi, sai ya riƙa jijjiga elektiron, ƙananan ƙwayoyin lantarkin da ke cikin gilashin, da ƙarfin da zai sauya yadda suke amsawa, daidaiton nan ya karye. Shekara ɗaya kacal bayan Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a 1960, Peter Franken da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan suka haska jar leza cikin kiristal, sai wani ɗan haske mai rabin tsawon zangonta ya fito. Ɗigon da ya nuna wannan sakamako ƙanƙane ne ƙwarai, har masu buga mujallar suka ɗauka datti ne suka goge shi daga hoton. Nau'in wannan ɗabi'a da ya shafe mu a nan yana ɗauke da sunan John Kerr, masanin ƙasar Sikotland na ƙarni na 19, kuma taƙaitaccen bayaninsa shi ne: inda haske ya fi tsanani, nan abin da yake ratsawa ya fi rage masa gudu.

Da farko wannan ɗabi'a annoba ce ga masu ƙera leza. Tsakiyar haske ta fi gefensa tsanani, don haka tsakiyar takan yi jinkiri, gefen ya lanƙwaso ciki, hasken ya mayar da gilashin da yake ratsawa mai tattara shi. Da zarar ya fara tattaruwa sai tsananinsa ya ƙaru, tattaruwar ma ta ƙaru, har ya huda siririn rami a cikin gilashin ko ya fasa shi. A cikin gilashi 'yan megawat kaɗan, wato miliyoyin wat, sun isa su jawo haka, a cikin iskar da muke shaƙa kuma 'yan gigawat, wato biliyoyin wat. Wannan ne ya riƙe ci gaban lezoji masu gajeren curi tsawon shekaru, har zuwa 1985, lokacin da Donna Strickland da malaminta Gérard Mourou suka fito da dabarar da ake taƙaita sunanta da CPA a Jami'ar Rochester da ke Amurka, dabarar da suka aro daga fasahar na'urar rada.

Abin da suka yi shi ne guje wa matsalar baki ɗaya. Kafin a haɓaka curin, sai a miƙa shi ta yadda jan ɓangarensa zai yi gaba, shuɗin ya biyo baya, tsawonsa ya ninku sau dubbai, tsananinsa ya ragu gwargwadon haka. A gwajinsu na farko zaren gilashi mai tsawon kilomita 1.4 ne ya yi aikin miƙawar. Bayan an ɗura masa makamashi lami lafiya, sai a bi da shi ta tsakanin faranta masu ɗauke da siraran tsagogi fiye da dubu a kowace milimita, waɗanda ke karkatar da kowane launi ta tasa kusurwa. Lamarin ya yi kama da ayarin fatake da za su haye gadar da ba za ta ɗauki nauyinsu a dunƙule ba: sai a jera su ɗaya bayan ɗaya su ƙetare, sannan a can gaba a bi da na kan gaba ta doguwar hanya, na baya kuma ta yanke, domin duka su isa ƙofar gari tare. Da wannan dabara ce cibiyar Lawrence Livermore ta Kalifoniya ta haura fetawat ɗaya a 1996, kuma ita ta kawo wa Strickland da Mourou kyautar Nobel a 2018.

Sai dai CPA tana mayar da curi ne zuwa gajartar da launukansa suka yarda da ita, ba ta wuce nan. Su kuma farantan ƙarshe, waɗanda ke karɓar dukkan ƙarfin a matse, sun riga sun kai faɗin kusan mita, kuma ƙera waɗanda suka fi haka aiki ne mai wuya da tsada. Don haka masana suka koma wa ɗabi'ar da suka yi shekaru suna gudu, suka tambayi kansu ko za a iya sa ta aiki.

Yana da kyau a dubi abin da ke faruwa a cikin curin da kansa yayin da yake ratsa ɗan siririn gilashi. Curin yana da goshi, inda tsanani ke hauhawa, da ƙololuwa, da wutsiya, inda tsanani ke sauka. A goshin, kowace kaɗawa tana tarar da gilashin ya fi jinkirtarwa fiye da yadda ta gabanta ta same shi, don haka sai ta ɗan ja baya, tazarar da ke tsakaninsu ta buɗe, zangon ya tsawaita, launin ya karkata zuwa ja. A wutsiyar kuma akasin haka ke faruwa, domin gilashin yana sassautawa, kowace kaɗawa tana matsowa kusa da ta gabanta, launin ya karkata zuwa shuɗi. Curin ya fito da kusan tsawon da ya shiga da shi, amma yanzu yana ɗauke da launukan da babu su a da, kuma a jere suke, ja a gaba, shuɗi a baya. Abin da ya rage shi ne a jinkirta goshin har wutsiyar ta cim masa. Wannan aiki yawanci wasu madubai na musamman ke yin sa, waɗanda Róbert Szipőcs da Ferenc Krausz da abokansu suka gabatar a 1994. An gina su ne da gomman siraran shimfiɗu masu bambancin kauri, ta yadda shuɗi ke dawowa daga saman madubin, ja kuwa sai ya nutsa ciki kafin ya dawo, ya yi asarar ɗan lokacin da ake so ya yi.

Tun a 1987 masu bincike a ɗakunan gwaji na Bell suka bi irin wannan hanya da zaren gilashi suka sami curi mai femtosakan 6, amma makamashinsa ɗan mitsitsi ne, domin zaren ba ya jure fiye da haka. Tsugune kuma ba ta ƙare ba, domin abin da ke haifar da sababbin launuka shi ne dai ke tattara haske har ya yi ɓarna, ba a samun ɗaya ba tare da ɗayan ba. Ga kuma wata matsalar: tun da tsakiyar haske ta fi gefe tsanani, tsakiyar ta fi samun launuka, sai a wayi gari an matse tsakiya an bar gefe. Duk dabarun da aka ƙirƙiro daga baya amsoshi ne ga waɗannan matsaloli biyu.

A 1996 Mauro Nisoli da Sandro De Silvestri da Orazio Svelto na birnin Milan a Italiya suka maye gurbin zaren da siririn bututun gilashi mai rami a tsakiya, suka cika shi da iskar gas irin argon ko kirifton. Gas ba ya tsagewa kamar gilashi, ana iya ƙara ko rage matsinsa domin daidaita yawan launukan da ake so, bututun kuma yana gauraya hasken a kan hanya ta yadda tsakiya da gefe ke fitowa da launuka iri ɗaya. Sun matse curi daga femtosakan 140 zuwa 10, kuma shekara guda bayan haka, tare da masu bincike na birnin Biyana a Ostiriya, aka sauka zuwa 4.5. Idan aka tuna cewa kaɗawa ɗaya ta haske mai zangon nanomita 800, wato maikuromita 0.8, tana ɗaukar femtosakan 2.7, za a ga cewa wannan curi bai cika kaɗawa biyu ba. Iyakar bututun ita ce makamashi: idan ya wuce 'yan milijul, wato kashi kaɗan cikin dubu na jul, hasken kan fizge elektiron daga gas ɗin ya mayar da shi filasma tun a bakin shiga, sai dai a faɗaɗa ramin a kuma tsawaita bututun zuwa mitoci da dama.

Dabara ta biyu, wadda a ganina ita ce ta fi sauya aikin ɗakunan gwaji na yau da kullum, ta fito daga cibiyar Fraunhofer da ke Aachen a Jamus a 2016. Ana ajiye madubai biyu masu lanƙwasa suna fuskantar juna, a sa hasken ya riƙa kai da komowa tsakaninsu sau gommai, yana ratsa gas ko ɗan siririn gilashi a kowane zagaye. A kowace ratsawa sauyin da ke faruwa kaɗan ne, bai isa ya tattara hasken ba, kuma tafiyar da ke tsakanin ratsawa da ratsawa tana gauraya tsakiya da gefe. Tsarin maduban kansa tsoho ne, Donald Herriott ya bayyana shi tun 1964 don wata manufa dabam. Amfaninsa shi ne sau da yawa fiye da kashi 90 cikin 100 na hasken na fitowa, kuma ya dace da lezojin itabiyam, waɗanda ke iya harbi sau dubbai zuwa miliyoyi a daƙiƙa ba tare da sun yi zafin da zai lalata su ba, amma curinsu dogo ne. A 2020 masu bincike a cibiyar DESY ta Hamburg suka matse irin wannan curi daga femtosakan 1,200 zuwa 13 a mataki biyu.

Ga lezojin fetawat kuwa babu bututun da zai ɗauke su, babu gas ɗin da zai jure musu. Abin da ya cece su shi ne haskensu mai faɗi ne, kuma tsananinsa kusan ɗaya ne daga gefe zuwa gefe, don haka matsalar tsakiya da gefe ta yi sauƙi. A 2014 Mourou da wasu abokan aikinsa suka ba da shawarar a sa siririn faranti na roba ko gilashi a gaban hasken bayan ya fito daga matakin ƙarshe na CPA, sannan a bi da shi ta maduban nan masu shimfiɗu. Waɗanda suka fi nisa a gwada hakan su ne masu aiki da lezar PEARL a Nizhny Novgorod ta Rasha ƙarƙashin jagorancin Efim Khazanov, inda a 2021 suka ba da rahoton matse curi daga kusan femtosakan 60 zuwa 11 da kiristal mai kaurin 'yan milimita, ƙarfin ya kai fetawat 1.5. Haɗarin da suka fuskanta ƙananan tabo ne a jikin hasken, waɗanda ƙura ko ƙarzuwar madubi ke haifarwa, domin kowane tabo yana iya tattara kansa ya zama allurar da za ta huda farantin. A wannan gari ne dai, lokacin ana kiran sa Gorky, wasu masana biyu, Bespalov da Talanov, suka yi lissafin wannan haɗari a 1966. Maganin da aka samo mai sauƙi ne har ya ba da mamaki: a bar hasken ya yi tafiyar 'yan mitoci cikin bututun da aka zuƙe iskarsa kafin ya kai ga farantin, domin ɓangaren hargitsin da ya fi haɗari a karkace yake tafiya, sai ya fice daga cikin hasken da kansa.

Gajarta curi rabin aikin ne, sauran rabin shi ne sarrafa shi, kuma a nan ya kamata mai karatu ya riƙa yin hattara da manyan alƙaluman da ake shelantawa. Matsewa ba ta taɓa cika ɗari bisa ɗari, wani kaso na makamashin yakan rage a gaba da bayan ƙololuwar. Na gaban shi ne mai illa. Idan ana son a buga siririn ƙarfe da haske mai tsananin wat 10 sau kansa 22, wato lamba 1 da sifili 22 a bayanta, a kowane murabba'in santimita, to ɗan hasken da ya riga shi isowa, ko da ya gaza shi sau biliyan goma, ya isa ya mayar da fuskar ƙarfen filasma, babban curin ya iso ya tarar da abin da aka shirya masa ya watse. Ɗaya daga cikin magungunan wannan shi ne madubin filasma: ana sa gilashi tsantsa a hanya, raunanan hasken gaba ya ratsa shi ya wuce, amma da goshin babban curin ya iso sai ya mayar da fuskar gilashin filasma mai sheƙi, wadda ke mayar da sauran curin kamar madubi. Wurin da aka buga ya lalace ke nan, dole a gusa gilashin kafin harbi na gaba.

Awon curin ma wani aiki ne mai zaman kansa, tun da babu na'urar lantarkin da ke da saurin bin femtosakan. Dabarar da Rick Trebino da Daniel Kane suka ƙirƙiro a farkon shekarun 1990, mai suna FROG, tana raba curin gida biyu, ta sa ɗaya ya auna ɗayan a cikin kiristal, kwamfuta kuma ta fitar da siffarsa daga abin da aka gani. Idan curin ya sauka ƙasa da kaɗawa biyu, har matsayin ƙololuwar kaɗawar a cikin curin sai an riƙe shi daram daga harbi zuwa harbi, abin da ya yiwu albarkacin aikin Theodor Hänsch da John Hall, waɗanda suka sami Nobel a 2005. Curin da aka matse a bututun gas ne ya bai wa rukunin Krausz damar samar da walƙiya guda mai atosakan 650 a 2001, atosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na femtosakan, kuma a irin wannan lokaci ne elektiron ke motsi a cikin atam. Wannan fage ne ya kawo Nobel ta 2023 ga Krausz da Pierre Agostini da Anne L'Huillier.

Wani fagen da ke cin moriyar matsewa shi ne hanzarta elektiron, bisa shawarar da Toshiki Tajima da John Dawson suka bayar a 1979, cewa curi mai ƙarfi da ke ratsa filasma yana barin igiya a bayansa wadda elektiron ke iya hawa. A 2019 cibiyar BELLA ta Berkeley ta hanzarta elektiron har makamashinsu ya kai kusan elektiron-bolt biliyan 8, wanda shi ne ma'aunin makamashin irin waɗannan ƙwayoyi, cikin santimita 20 kacal, abin da tsofaffin na'urori ke buƙatar ɗaruruwan mitoci kafin su yi. A ɗaya gefen kuma, wani rukuni a Palaiseau kusa da Faris ya nuna a 2017 cewa curi mai 'yan milijul, idan aka matse shi ƙasa da femtosakan 4, yana iya hanzarta elektiron sau dubu a daƙiƙa. Manyan lezojin fetawat kuwa wasunsu sau ɗaya suke harbi a minti, shi ya sa nake ganin ƙananan na'urorin da aka matse curinsu sun fi kusa da shiga asibiti ko masana'anta.

Ga masu neman tsanani mafi girma, adadin fetawat ba shi ne ma'auni na ƙarshe ba, sai an ga yadda hasken ke tattaruwa a kan ɗigo. A 2021 cibiyar CoReLS da ke Gwangju a Koriya ta Kudu ta haura wat 10 sau kansa 23 a murabba'in santimita da lezar fetawat 4, ta hanyar amfani da madubai masu lanƙwasuwa, waɗanda ƙananan injuna ke turawa daga baya domin gyara karkacewar fuskar haske, har aka tattara shi a ɗigo mai faɗin kusan maikuromita ɗaya. Haɗa wannan da dabarar siririn faranti shi ne matakin da ake fafutuka a kai yanzu, kuma da sauran rina a kaba. Farantin yana karkata fuskar hasken gwargwadon tsananinsa, tsananin kuma yana canzawa daga goshin curi zuwa ƙololuwa zuwa wutsiya, saboda haka karkacewar ba iri ɗaya ba ce a tsawon curin. Madubi mai lanƙwasuwa siffa ɗaya yake iya riƙewa a lokacin da curin ke wucewa, don haka dole masu gwajin su zaɓi ɓangaren da za su gyara, kuma ƙololuwar suke zaɓa, su haƙura da abin da goshi da wutsiya za su watsar a gefen ɗigon.